Jirgin da Baba Ya Ɓoye a Ƙasan Tafki

Na yi kwana tara ban rubuto muku komai ba, kuma na ga saƙonninku, har da na wadda ta tambaya ko tafki ne ya haɗiye ni. Ina nan da raina. Abin da ya faru a gidanmu ne ya hana ni zama, sai yau na samu na jingina bayana da filo na ɗauki waya.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Aila Kangas, shekarata ashirin da shida, ina koyar da 'yan aji uku a ɗan garinmu na bakin Tafkin Superior. Ni kaɗai ce a wurin iyayena. Amma mutanen gari idan suna tsokana cewa suke Reino Kangas 'ya'yansa biyu ne, ɗaya a gida ɗaya a ƙasan ruwa, kuma ya fi ji da na ƙasan ruwan.

Jirgi suke nufi. Ina shekara bakwai Baba ya gano shi, jirgin katako irin na da wanda iska ke turawa, sunansa Adeline Roe. Ya fi shekara ɗari da talatin da nutsewa, amma yana zaune daram a zurfin ƙafa casa'in da biyar kamar jiya aka ajiye shi, don ruwanmu ba gishiri, ga sanyi. Duk gari an san Baba yana da jirgi. Inda yake kuwa, mu uku ne muka sani, shi da Mama da ni. Lambobin da ke nuna wurin a taswira ba a taɓa rubuta su a takarda ba. Ranar da na cika sha shida Baba ya sa na haddace su, ya sa na ɗaga hannu na yi alkawarin ba za su fita daga bakina ba.

Kada ku ga laifinsa. Yana saurayi ya taɓa gano wani ƙaramin jirgi, don murna ya faɗa a cikin abokai. Bazara biyu kawai aka yi, aka kwashe shi tas, ƙararrawa, fitilu, har ƙofofi. Daga baya ya ga ƙofar ɗakin matuƙin an mayar da ita teburin shan shayi a gidan wani. Har yau idan ya tuna sai ya ajiye cokali.

To a cikin wannan gida ne Allah ya haɗa ni da Emmett Lapointe. Makanikin injin jirgi ne, kuma ɗan kwamitin gandu. Gandu shi ne yankin tafkin da hukuma ta keɓe, duk jirgin da ya nutse a ciki kallo kawai ake zuwa yi, ba a ɗaukar ko ƙusa. Su Emmett ne ke saka wa kowane jirgi farar ganga a saman ruwa, a ɗaure ta da dutsen siminti can gefe, don masu zuwa nutso su ɗaure jirginsu a jikinta maimakon su jefa anga, ƙarfen nan mai ƙugiya da ke tsayar da jirgi, a kan tsohon katako. Watanmu goma tare. Ko sau ɗaya bai taɓa ambaton Adeline a gabana ba.

Ranar Talatar makon jiya ina kicin da tsohuwar rigar sanyin Baba mai zanen ja da baƙi, gashina a cukurkuɗe, sai ga Gwaggo Verna, yayar Baba, da burodinta mai kirfa a nannaɗe cikin tawul. Tana ajiyewa wayata ta yi motsi. Emmett ne.

"Yau za mu saka ganga ta huɗu. Ruwan kamar wuƙa. Idan na daskare ki gaya wa Gwaggonki na yafe mata."

Na danne dariya, amma ban danne ta da kyau ba.

"Wa ke sa ki murmushi ko kofi ba ki sha ba?" Gwaggo ta tambaya.

"Ba kowa, Gwaggo."

"Ba kowan nan mai baƙin mai a farce?" Ta ja kujera ta juya wajen Mama. "Lorraine, ki faɗa wa 'yarki gaskiya tunda ni ba a jin tawa. Yaro aikinsa neman jiragen da suka nutse. Ga 'yan mata nan cike da coci suna fama da kwalliya, ya rasa wadda zai so duk garin nan sai 'yar Reino?"

"Gwaggo, ni ma ai ba mummuna ba ce."

"Ban ce ke mummuna ba ce. Cewa na yi jirgin ya fi ki kyau a idonsa."

Mama ta ce, "Verna, ki bar yarinya ta karya." Amma ba ta ce ƙarya ne ba, kuma na lura da hakan.

Zan faɗa muku abin da ban faɗa wa kowa ba. Maganar ta shige ni. Na hau sama na zauna a bakin gado ina bin tsofaffin saƙonninmu ɗaya bayan ɗaya har zuwa na farko, ina neman inda ya taɓa latsa ni. Ban samu ba. Sai zuciyata ta ce, to ai mai wayo ba zai tambaya ba, jira zai yi. Kun ga irin tunanin da ba shi da ƙofar fita.

Ranar Alhamis muka fita gaishe da Adeline, kamar yadda muke yi duk farkon Yuni. Bana ce shekarar farko da Baba bai sa kayan nutso ba. Tun kaka likita ya ce zuciyarsa ba za ta ƙara ɗaukar zurfi ba, kuma tun daga ranar ya zama wani iri, ya zauna a bakin taga, ya kunna rediyo bai saurara ba. Shi ya tuƙa mu, ya duba tukwanen iskarmu sau biyu, ya ja min zif ɗin baya.

"Ki duba min butar, Agwagwa," ya ce. Haka yake kirana tun ina ƙarama.

Ni da Mama muka bi igiya muka sauka. Duk zuwan da na yi, ban daina jin wani abu a ƙirjina ba idan jirgin ya fara fitowa daga cikin koren ruwan. Sitiyarinsa na nan tsaye. Na haska tocila ta tagar kicin, butar mai girki na kan murhu inda ya bar ta, ga takalmi ƙafa ɗaya a ƙarƙashin benci. Ina cikin kallo Mama ta ja hannuna da ƙarfi, ta nuna min sama.

Rufin ɗakin baya ya burme. Wata sabuwar anga, har da sauran fenti a jikinta, ta huda shi ta maƙale, an ja an ja har katakai uku sun ɓalle, sannan aka yanke igiyar aka tafi. Ba ɓarawo ba ne, don ba a ɗauki komai ba. Wani mai kamun kifi ne ya jefa angarsa bai san akwai wani abu a ƙasa ba. Na taɓa bakin katakon da ya karye, cikinsa fari tas kamar sabon yanka. Na yi kuka a cikin gilashin fuskata, ba dama in share.

Da muka hau, Mama ce ta faɗa masa. Ya kama naɗe igiya. Ni kuma bakina ya ƙi rufuwa.

"Baba, da akwai ganga a kansa, da yana cikin taswira, da wannan bai faru ba."

"Da yana cikin taswira da yanzu butar tana kan kantar wani."

"Wancan zamanin ya wuce. Jirage goma sha ɗaya ne a gandu, shekara nawa, wanne aka kwashe? Masu nutso na yanzu su ne ke gadin juna. Ɓoyewar da muke yi ba ta hana anga faɗowa."

Ya ɗago ya dube ni. "Muryarki nake ji, amma maganar ɗan gidan Lapointe ce."

Da ya mare ni da ya fi min sauƙi.

Washegari da hantsi na sa wandon jins da farar riga, na ɗaure gashina, na nufi inda ake ɗaure jirage. Na samu Emmett zaune a kan bokiti yana saƙa bakin igiya, ganguna biyu a gefensa suna shan iska, fenti har a girarsa.

"Malama Aila da kanta. Yau ba saƙo, sai jiki?"

"Tambaya zan yi maka, kuma ban son wasa."

Ya ajiye igiyar.

"Idan har abada ban faɗa maka inda jirgin Baba yake ba fa?"

"To ba ki faɗa ba."

"Shi ke nan?"

"Na taɓa tambayarki?"

"Rashin tambayar ne ya dame ni. Gwaggo ta ce jira kake."

Ya goge hannu da tsumma. Sannan ya ce, "Wani abu ya samu jirgin, ko?"

Idona ne ya amsa masa.

"Akwai maganar da ya kamata in yi tun tuni," ya ce. "Amma da babanki zan yi ta, a gabanki. Ki roƙar min Mama ta ƙara faranti ɗaya ranar Lahadi."

"Ka faɗa min yanzu mana."

"Idan na faɗa miki, zai ce ke kika kawo min ita. Ki yi haƙuri kwana biyu."

Kwana biyun nan, ku tambayi filona. Ranar Asabar na tura masa, "Ko kaɗan ba za ka ɗanɗana min ba?" Ya amso, "Ki dai ce wa Gwaggo ta zo da yunwa." Na jefa wayar kan gado.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci Mama ta gasa pasti, burodin nan da ake cusa wa nama da dankali da albasa, har suna tsagowa ta gefe, ga bandan kifi, ga kwalbar jam ɗin shafa wa burodi da ba a buɗewa sai da baƙo. Na sa shuɗiyar rigata mai ƙananan maɓallai da 'yan kunnen kakata. Na cire 'yan kunnen, na mayar, na sake cirewa, Mama ta leƙo ta ce in bar kunnuwan su huta. Gwaggo kuwa ba wanda ya gayyace ta, amma tun sha ɗaya da rabi tana kan kujerar da ke kallon ƙofa.

Emmett ya iso da jaket mai ruwan toka da ban taɓa ganinsa da ita ba, ta ɗan matse shi a kafaɗa. Ya kankare faratansa har sun yi ja.

"Sannu da gida, Mista Kangas."

"Zauna," in ji Baba.

Aka ci abinci ana maganar sauro da tsadar man jirgi. Gwaggo ta tambaye shi ko jaket ɗin ta aro ce, ya ce ta babansa ce, ta ce ta gani. Da Mama ta zuba kofi, sai ya gyara zama.

"Mista Kangas, na san inda jirginka yake."

Kai, ban san lokacin da na miƙe ba. "Baba, wallahi ba ni ba ce."

"Ba ita ba ce," in ji Emmett. "Bara waccan ne, a watan Agusta, tun kafin mu fara magana da Aila. Na gyara wa wani na'urar hango ƙasan ruwa, na fita gwada ta arewa da tsinin dutse, inda kowa ya san can kuke nufa kafin ku ɓace. Sai ga inuwar jirgi a kan allon. Na ce ga na Reino."

"Ka kai wa kwamitinku," in ji Baba. Muryarsa ta yi ƙasa sosai.

"Ban kai ba."

"Don me?"

"Don ba ni na fara ganinsa ba. Na ga ya kamata sunan wurin ya fito daga bakinka, ranar da ka ga dama. Na so in zo tun a lokacin, sai na ji kunya. Da muka shaƙu da Aila kuma sai abin ya ƙara nauyi, na san yadda za a fassara shi." Ya ɗan saci kallon Gwaggo. "Amma idan jirgin ya fara jin ciwo, shiruna ya zama laifi."

"Ka sauka ka gan shi?"

"A'a. Ban ga ya dace in shiga ɗakin mutum ba ya nan ba."

Ni dai na koma na zauna. Ashe duk watannin nan da ake cewa lambobin yake bi, shi a ransa suna aljihunsa. Na rasa ko in rungume shi ko in kwaɗa masa cokali don ya bar ni kwana biyu ina cin raina.

Baba ya jawo wata tsohuwar ambulan daga kan firiji, ya tura masa da fensir. "Rubuta."

Emmett ya buɗe wayarsa ya kwafa, layi biyu. Baba ya sa tabarau ya kai takardar kusa da taga. Na zagaya na leƙa ta kafaɗarsa. Lambobin farko daidai suke da waɗanda na haddace. Na ƙarshe kuwa ban san su ba. Na sake karantawa. Na dubi Mama.

Baba ya cire tabarau a hankali. "Zurfin nawa ka gani?"

"Ƙafa ɗari da tamanin."

"Tsawo fa?"

"Ya haura ɗari biyu. Kuma da alamar bututun hayaƙi a kwance gefensa."

"Yaro," in ji Baba, "wannan ba jirgina ba ne."

Emmett ya sake duban wayarsa. Baba ya ci gaba.

"Nawa katako ne, ba shi da hayaƙi, kuma yana mil biyu yamma da nan. Shekara biyu kana yi min gadin jirgin da ban taɓa gani ba." Sai ya fara dariya, irin wadda rabon da mu ji ta tun kafin zuwa wurin likita, har yana riƙe gefen tebur. "Agwagwa, ɗauko min babbar taswira a bayan kabad. Lorraine, kwashe kwalbar nan. Akwai jirage uku masu hayaƙi da suka ɓace a wannan layin ba a gan su ba har yau, kuma biyu daga ciki ba su kai wannan tsawon ba."

Aka shimfiɗa taswira a kan ɓurɓushin pasti. Kawunansu suka haɗu, Baba yana ja da fensir yana lissafin iskar wata guguwa da aka yi tun kakansa yana goye, Emmett yana gyaɗa kai yana cewa dole a nemo masu nutson zurfi da kyamara. Mama ta tsaya a bakin murhu tana kallon mijinta, ta ɗaga gefen rigar girkinta ta goge ido.

Can Baba ya ɗago daga taswira. Ya juya ambulan ɗin, ya riƙe fensir a sama kamar mai jin nauyinsa. Sannan ya rubuta layi biyu da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba cikin shekara goma sha tara, ya tura gaban Emmett.

"Ga Adeline. Dutsen simintin ƙafa hamsin daga jikinsa, ta kudu, kuma ni zan nuna inda za a sake shi. A fara ciro angar nan a hankali, ba da injin ja ba. Duk wanda zai sauka a gaya masa akwai buta a kan murhu, kuma na san yadda hancinta yake kallo."

"Za a rubuta a allon gandu cewa kai ka gano shi," in ji Emmett.

"A rubuta sunayen mutum bakwai da suka tafi da shi. Nawa ya zo a ƙasa, da ƙananan baƙaƙe." Ya dube ni ta saman tabarau. "Maganar da na faɗa miki a kan ruwa, ban kyauta ba. Taki ce, na ji."

Na dafa kafaɗarsa.

Gwaggo Verna, wadda tun ɗazu take juya kofin da ba sukari a ciki, ta ajiye cokali. "To ni akwai abin da ban gane ba. Idan ba jirgin ne ya kawo ka ba, me kake nema a gidan nan wata goma?"

Kunnuwan Emmett suka yi jawur. Ya miƙe tsaye har kujera ta yi ƙara, ya zura hannun hagu a aljihun jaket ɗin nan mai matse shi. Mama ta damƙi hannuna.

Baba ko ɗago kai bai yi daga taswira ba. "Zauna, Lapointe. Na san zobe ne a aljihun nan, tun shigowarka kake taɓa shi kamar mai ciwon haƙarƙari. Ba a kan kwanukan da ba a wanke ba za ka nemi auren 'yata. Asabar za mu fita saka ganga. Ka ɗaure ta da kyau in gani, sannan ka yi maganarka a can, a gaban 'ya'yana duka biyu."

"Ni ma za ni," in ji Gwaggo, wadda rabonta da hawa jirgi tun bikinta.

Emmett ya koma ya zauna. Hannun damansa ya koma kan taswira, na hagun kuwa bai fito daga aljihun ba har ya tafi. Na raka shi bakin mota, na ce ko leƙawa ya bari in yi, ya ce shi yanzu ɗan gaban goshin Reino Kangas ne, ba zai ɓata rawarsa a kan gaggawata ba.

Asabar ɗin jibi ce. An ce iska za ta kwanta. Ganga tana bayan motarsa an rubuta mata Adeline Roe da shuɗin fenti. Ni kuma na baje duk kayan kabad ɗina a kan gado tun safe, har yanzu ban gano abin da mace ke sawa a ƙarƙashin kayan nutso a irin wannan rana ba.